Ni da Zabuwar Hajiya Adisa a Hanyar Nakpanduri

Laraba: Zogbeli, unguwarmu a Tamale

Da ƙarfe biyar saura kwata na asuba abubuwa suka fara lalacewa. A lokacin ne yayana Awal ya fito daga ɗakinsa yana tafiya a tattale, ya tsaya a tsakar gida, ya ce ba zai iya hawa keke ba.

"Maruru ne," in ji shi.

Mma, mahaifiyarmu, ta ɗago daga wajen murhu. "A ina?"

"A inda ake zama."

Sunana Rahinatu, ina shekarar ƙarshe a karatun ilimin duwatsu. Na daɗe ina karanta dutse a garin da babu dutse, domin a Tamale in ka ga tudu, yashi ne wani ya sauke zai yi gini. Wata makaranta a kudu ta ba ni gurbi na shekara guda, in je in ga ramukan ma'adinai da idona, ta ce in ba da amsa kafin Litinin ta wuce. Baba ya rasu. A gidanmu kuwa 'ya mace ba ta yin nisa sai da yardar 'yar'uwar ubanta, kuma irin wannan magana ba a yin ta a waya. Gwaggo Sanatu tana zaune a wani ƙauye a gindin dutsen Nakpanduri. Ranar da Mma ta ɗan taɓa mata zancen, cewa ta yi, "Wannan da ba ta magana? In ciwo ya kama ta a can, bango za ta gaya wa?" Daga nan ta koma hirar gyaɗa.

Shirinmu shi ne mu je tare da Awal. Shi zai yi magana, ni in zauna in sunkuyar da kai, aikin da na fi kowa iyawa a gidanmu. Mota za ta kai mu Walewale, daga can mu hau kekuna, saboda mota tana sa ni amai, kuma ina son in ga dutsen nan a hankali, ba ta taga ba.

"Sai ki tafi ke kaɗai," in ji Mma. "Adisa tana Walewale, Memuna tana Gambaga. Babu inda za ki kwana a daji."

"Wa zai yi maganar?"

"Bakin da kike cin tuwo da shi."

Ta ba ni goron Gwaggo a jiƙaƙƙen ganye, na sa a 'yar jakata ta goyo. Keken na Baba ne, baƙi, mai nauyi, da kariya a baya mai faɗi kamar faranti, wadda ya sa maƙeri ya ƙara mata ƙarfe don ɗaukar dilar atamfa. Na yi mako ina shirya shi. Na shafa wa sarƙa mai, na duba tayoyi, na sayi faci da famfo. Na rage kayana har suka shige jaka ɗaya, domin na karanta cewa nauyi shi ne maƙiyin mai hawa tudu. Kariyar ta fita fes, babu komai a kai sai igiyar roba.

Mma ta dubi kariyar, ta dube ni, ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu. Sai ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Tamale zuwa Walewale

Direban trotro, wato motar haya, irin masu Hausar tasha ne, mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa.

"Kai, 'yammata, keken ka zai biya kuɗin mutum."

A zuciyata na ce ai ba a kujera zai zauna ba, kuma ba zai nemi a tsaya masa ya yi fitsari ba. A baki na ce, "To."

Aka ɗaure shi a sama tsakanin katifa da buhunan albasa. Muka tashi gari yana wayewa, mata masu koko da ƙosai suna hura wuta a bakin titi, yelo-yelo, baburan haya masu taya uku, sun fara zirga-zirga. Har Savelugu lafiya lau. Daga nan ban ga komai ba sai cikin ledata da rabin lemun tsami. An ce mun wuce gonakin shinkafa da gadar Nasia, ruwa ya cika har gindin itatuwa. Na yarda. A bariya wani ɗan sanda ya leƙo ya tambayi na waye keke, matar da ke kusa da ni ta nuna ni, ya dubi fuskata ya ce a wuce da sauri.

Hajiya Adisa, ƙawar Mma, tana sayar da shinkafa da wake a bakin tashar Walewale. Mace ce mai jiki da murya, tana zuba wa mutum abinci tana yi masa faɗa. Ta cika mini kwano da taliya da ƙwai da baƙin yaji, ta tsaya a kaina har na cinye. Sai ta zagaya keken, ta dafa kariyar.

"Wannan haka zai tafi Gambaga? Babu komai?"

Ta shiga bayan rumfa ta fito da kwando, an rufe bakinsa da ragar kamun kifi. A ciki akwai zabuwa, ta karkata kai tana kallona da ido ɗaya.

"Ki kai wa Memuna. Ki ce mata Adisa ta ce ga nama ta gani da idonta, tunda ranar sunan jikanta ko ƙuda ya faɗa miyarta sai ya fito da yunwa. Ki ce mata babbar tukunyata da ta ara tun ina da haƙorana duka, in ba ta dawo da ita ba zan zo in ɗauke ta a kan wuta, da abin da ke ciki. Kin riƙe?"

A zuciyata na kawo dalilai huɗu masu kyau na ƙin ɗaukar zabuwa. A baki na ce, "Na riƙe."

Walewale zuwa Gambaga

Na zaɓi wannan hanya ne domin an ce shiru ce. Gaskiya ne, motoci ba su da yawa. Damina tana ƙarewa, ciyawa ta kai ƙugu, kaɗanya da ɗorawa sun yi duhu, dawa ta sunkuya. Sai ka yi tafiya mai tsawo ba ka ji komai ba sai ƙarar tayarka da kurciya. Abin da ban yi tunani ba shi ne, a titin Tamale babu wanda yake ganinka, amma a hanyar da babu kowa, kowa yana ganinka.

Ba a wuce dattijo a kan keke. Sai ka sauka, ka durƙusa, ka ce "Dasiba," ya ce "Naa," ya tambayi gida da gajiya da sanyin safe, kana ta "Naa, naa" har gwiwa ta fara rawa. In an gama, idonsa ya sauka a kan kariya. Tunda akwai kwando, an san keken yana karɓar saƙo. Tunda akwai sauran wuri, rowa ce a bar shi haka.

Kafin Langbinsi an ɗaura mini ruwan fartanya, a kai wa wani maƙeri. A Langbinsi maƙerin ya karɓa, ya yi godiya, ya ba ni galan na man kaɗe da cajar waya in kai Gambaga. Wata tsohuwa mai tsinkar gyaɗa ta daɗe tana auna kariyar da ido, ina jin kanta take so ta aika, zabuwar ce ta hana ta wuri. Kowane kaya da maganarsa: a ce wa wance jikin yaro da sauƙi, a ce wa wane ranar kasuwa ya zo da igiya. Duk waɗannan mutane suna da waya, na ga wasu a rataye a wuya. Ina tuƙi ina maimaita saƙonnin kamar karatun jarrabawa, zabuwar tana amsa mini daga baya.

Bayan azahar na gamu da tudu na farko a rayuwata. Daga nesa ba ya kama da komai, hanya ce kawai ta ɗan ɗaga kai. Na shiga da ƙarfina. A tsakiya keken ya fara tunani, can sama kaɗan ya yanke shawara. Na sauka na tura, gumi yana bin hijabina, man kaɗe yana narkewa a galan yana ƙamshi. A gefen hanya, inda aka yanka tudun, na ga abin da na sani a littafi kawai: dutsen yashi ja-ja, shimfiɗa a kan shimfiɗa, kamar an ninke zannuwa an jera. Na jingine keken na shafa shi da tafin hannu. Na fi minti goma a wurin. Wani mai babur ya tsaya ya tambaya ko wani abu na ɓatar a bangon. Na ce a'a. Ya ce to tunda Gambaga zan je, in ce wa telan da ke kusa da masallaci wandon nan ya gaji da jira.

Gambaga

Na isa bayan la'asar. Na raba man kaɗe da caja da maganar wando, sannan na nemi gidan Mma Memuna. Na same ta a tsakar gida da mata shida ko bakwai, maƙwabta da surukai, suna ɓarar gyaɗa. Siririya ce, mai tsagen fuska, mai magana a hankali. Aka ba ni ruwa, aka yi gaisuwa. Na ajiye kwandon a gabanta.

"Daga Hajiya Adisa. Da saƙo."

"Muna ji."

Sai daga baya aka yi mini bayani cewa ɗan saƙo yakan tsince magana a hanya, ya zubar da tsakuwa ya kai shinkafa. Ni ba wanda ya taɓa aike na nesa, kuma a makaranta an koya mana cewa ba a canza abin da aka samo. Na dubi ƙasa, na karanto saƙon daga farko har ƙarshe, da ƙudan da yunwarsa, da haƙoran, da tukunyar a kan wuta. Ina jin har muryar Hajiya Adisa ta ɗan shigo, domin da ita na haddace.

Ɓarar gyaɗa ta tsaya. Wata surukar ta rufe baki da gefen zane. Na fara lissafin inda zan kwana.

Mma Memuna ta ce, "Sake faɗin wajen ƙudan."

Na sake. Ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta suna rawa, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, aka miƙa mata ruwan da aka ba ni. Ashe ita da Hajiya Adisa taubasai ne, 'yar mace da 'yar namiji, zagi shi ne gaisuwarsu tun suna yara.

"Shekara da shekaru ana kawo mini saƙon Adisa," in ji ta tana share ido, "kowa ya zo sai ya ce tana gaishe ni da kyau. Na ɗauka ciwo take yi. Yau na ji 'yar'uwata."

Nan take ta ciro waya ta kira Walewale, ta buɗe murya kowa ya ji, suka yi ta yi. Sannan ta ɗaga ragar ta duba zabuwar, ta taɓa ƙirjinta.

"Wannan ƙashi ne da gashi. Ba zan ba Adisa bakin cewa ta ciyar da ni ba. Wajen Sanatu za ki? Ki kai mata, ki ce daga ni."

Na ci tuwo da miyar ayoyo, na kwana a ɗakin jikokinta. Zabuwar ta kwana a bakin ƙofa, ta tashe mu tun kafin ladan.

Alhamis: Nalerigu zuwa Nakpanduri

Labari ya riga ni fita. Tsakanin Gambaga da Nalerigu tafiya ce 'yar kaɗan, amma sau uku ana tare ni, kuma yanzu ba don kariya ba. A bakin kasuwar Nalerigu wani mahauci ya tsaya a gabana da wuƙa a hannu.

"Ke ce mai faɗin magana yadda aka ba ta?"

Na ce ni ce. Ya ce akwai ƙaninsa a Nakpanduri, mai gyaran keke a gindin kuka, wanda ya yi wata biyu bai zo ya duba tsohuwarsu ba. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko ba shi da lambarsa.

"Ina da ita. Waya ana kashewa. Ke ba zai kashe ki ba."

Ya faɗi saƙon, ba zan rubuta shi a nan ba. Ya ƙara mini da tsire a takarda.

Daga Nalerigu hanya ta zama hawa da sauka, a hankali, kamar numfashin mai barci. Wannan shi ne yanki mafi daɗi a duk tafiyar, kuma duk mai keke da ke karanta wannan ina ba shi shawara ya zo ya bi shi da safe. Gidajen ƙasa masu zagaye da jinka, rumbuna, jakuna suna kiwo babu mai tsaronsu. Manyan duwatsu baƙaƙe sun fito daga cikin gonaki kamar bayan shanu. Ƙananan rafuka suna tsallake hanya a ƙarƙashin kwalbati, mata suna wanki suna ɗaga hannu. Na lura gaisuwar ta daina ba ni tsoro. In maganar wani ce a bakina, ba na jin kunya, domin ba ni ce nake yi ba.

Na sami mai gyaran keken a gindin kuka, na durƙusa na gaishe shi, na sauke masa saƙon yayansa a gaban abokan hirarsa. Ya saurara da sifana a hannu, ya sosa ƙeya, ya ce ranar Lahadi zai je. Sai ya tambayi inda na nufa. Na ce ƙasan dutse. Ya matsa birkin gaba, hannun ya tafi har ƙarshe babu abin da ya kama. Ya matsa na baya, ya yi 'yar ƙara kamar ɓera.

"Daga Tamale kike."

Ban ce masa daga ina nake ba. Duk makon da na yi ina shirya keken, ban taɓa birki ba, domin ban tuna yana da aiki ba. A gida in za ka tsaya sai ka daina tuƙi, in abin ya yi gaggawa ka sa silifa a ƙasa. Ya sa wa na baya sabuwar roba, ya ce na gaban sai an samo waya ranar kasuwa, in sauka a ƙasa ina riƙe da shi.

Gangaren

A bakin dutsen ƙasa take ƙarewa. Kana tafiya tsakanin gidaje, sai kawai ka ga babu komai a gabanka sai sama, can ƙasa kuma fili kore har iyakar gani, kogi yana lanƙwasa a ciki yana ƙyalli. Shaho yana shawagi a ƙasa da ƙafafuna. Bangon dutsen ya miƙe dama da hagu, ja da ruwan ƙasa, ruwan damina ya tsaga shi kwazazzabo-kwazazzabo, kowanne cike da itatuwa. Na tsaya ban san iya lokacin ba. Ko zabuwar ta yi shiru.

Na bi shawara, na gangara a ƙasa ina riƙe da keken, shi kuma yana ja na kamar ɗan maraƙi. Hanyar tana nannaɗe da dutsen, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Da na wuce mafi tsananin, na kauce zuwa 'yar hanyar ƙasa mai zuwa ƙauyen Gwaggo, na ga kamar ta kwanta. Idon mutumin Tamale bai san gangare ba sai ya hau. Na hau.

Da farko daɗi, iska tana shiga hijabi. Sannan itatuwa suka fara wucewa da saurin da ban ba su izini ba. Na matse birkin baya, ya yi ƙauri. Na sa silifa, ta tafi abinta. Hanyar ta shiga wani kwazazzabo, dutse ta nan dutse ta can, ruwa yana ƙugi a ƙasa, kwando yana tsalle, zabuwar tana ihu da dukan ranta. Can gaba amalanken jaki ya cika hanya, da mata uku da itace a ka.

"Ku kauce! Ba birki!"

Dutsen ya maimaita. Ban san ina da murya irin wannan ba. Matan suka watse, jakin ma ya matsa, na bi ta tsakani, na tafi har inda hanyar ta ƙare a yashin bakin rafi. Keken ya nutse ya tsaya, ni na ɗan ƙara gaba. Babu abin da ya karye. Goron yana nan, zabuwar tana nan tana zagina. Ɗaya daga cikin matan ta iso da silifata a hannu, ta ce in wajen Mma Sanatu zan je, ga gidan can mai ɗorawa, in ce mata an gode da daddawa.

Gidan Gwaggo

Gwaggo Sanatu gajera ce, hannunta kamar na maƙeri, goshinta irin na Baba sak. Ta ba ni ruwan gari a ƙwarya. Ta tambayi Mma, ta tambayi Zogbeli gida-gida, ta tambayi marurun Awal, wanda ban gaya mata ba. Na ba ta zabuwa da saƙon Mma Memuna da godiyar daddawa. Na miƙa goron da hannu biyu. Ta ɓare ɗaya, ta ciza, ta ce goron Tamale har yanzu yana da kyau, ta ɗaure sauran a gefen zane.

A al'ada baƙo ba ya fara faɗin abin da ke tafe da shi, sai mai gida ya tambaya. Na zauna ina jira. Gwaggo ta tambaye ni ko ina cin kuɓewa.

Juma'a ma haka. Muka tsinki gyaɗa, muka je rafi. A can ta same ni ina juya wani dutse a hannu.

"Me kike gani a ciki?"

Na ce mata yashi ne na wani tsohon teku, ya kwanta a kan juna har ya daskare, duk dutsen nan da ke bayan gidanta a ƙarƙashin ruwa aka yi shi. Na nuna mata layukan. Ina jin ban taɓa yin magana mai tsawo haka da wani babba ba.

"Teku a nan," in ji ta. "To kifin ina suka je, muke saye da tsada?"

Ta ci gaba da kallona, tana jira. Ƙofa a buɗe take, na gani. A zuciyata na faɗi komai, da makarantar, da Litinin, da yadda nake so. A baki na ce rana ta yi, mu koma. Ta ɗauki tulunta ta yi gaba.

Asabar

Da hantsi mai amalanken babur da zai hau da ni dutsen ya iso, domin a sama akwai motar Tamale. Gwaggo ta cika kariyar da doya da daddawa da gyaɗa. A bisa duka ta ɗora kwandon.

"Zabuwar da ta sauko dutsen nan a keke ba ta tukunya ba ce. Ki mayar wa Adisa, ki ce Sanatu ta ce ta ciyar da ita tukuna kafin ta yi kyauta da ita."

Ta ba ni saƙon Memuna, da na mai gyaran keke, da gaisuwar Mma. Ta ce Allah ya kai lafiya. Ta juya za ta shiga gida. Mai babur ya tayar da inji. Na ga kaina a Zogbeli ranar Litinin, ina zaune da littafin duwatsu, rana tana faɗuwa.

"Gwaggo, saura saƙo ɗaya ban ba ki ba."

Ta tsaya. "Daga wa?"

"Daga Rahinatu."

Ta juyo a hankali, ta jawo kujerar tsuguno ta zauna, ta gyara zane. Ta yi wa mai babur hannu ya kashe inji. "Muna ji."

Na durƙusa, na dubi ƙasa kamar yadda na yi a Gambaga.

"Rahinatu ta ce a gaishe ki. Ta ce an ba ta gurbin karatu a kudu, shekara guda, kuma tana so ta je, so na gaske. Ta ce ta ji kin ce ba ta magana, kuma gaskiya ne, tsoro take ji. Ta ce amma in ta zauna a gida ma tsoron ba zai tafi ba, sai dai ta rasa karatun ta riƙe tsoron. Ta ce ba za ta je ba sai kin yarda, domin ke ce Baba yanzu. Ta ce kuma kin san abin da ya kawo ta tun ranar Alhamis, kika bar ta tana cin kuɓewa."

Wannan na ƙarshen ban shirya shi ba, da kansa ya fito. Mai babur ya juya baya yana duba tayarsa. Gwaggo ta dube ni, bakinta yana motsi kamar mai tauna goro.

"To, 'yar aike," in ji ta, "buɗe kunnenki. A gidan za ki faɗa, a gaban uwarta. Na san ba kya ragewa."

Komawa

Hawan dutsen a amalanken babur ya fi saukarsa sauƙi. A mota na koma ga ledata da lemun tsami. Saƙon Gambaga ta taga na miƙa shi, Mma Memuna tana bin motar tana dariya. A Walewale Hajiya Adisa ta saurari maganar Gwaggo hannu a ƙugu, ta ce ba za ta karɓi zabuwar da gari biyu suka raina ba, in kai wa Mma. Tana gidanmu yanzu, maƙwabta sun san da zuwanta.

Na shiga Zogbeli ana kiran magariba. Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da ƙafafuna biyu da silifa biyu. Ina gode wa Hajiya Adisa da Mma Memuna, da mai gyaran keken gindin kuka, da matan da suka kauce, da jakin. Wanda zai bi wannan hanya ya gyara birki tun daga gida, ya kuma ɗaura wani abu a kariya, ko buhun banza ne.

Mma ba ta bari na sauke doya ba. Awal yana kwance rub da ciki a tabarma, ya ɗago kai.

"Me ta ce? Kin dai yi maganar?"

Na jingine keken, na tsaya a tsakar gida, na faɗa musu yadda aka ba ni.

"Gwaggo Sanatu ta ce a gaishe ku. Ta ce a gaya wa Awal ya kwanta da kyau, marurunsa ya yi wa gidan nan aikin da bakinsa ba zai yi ba. Ta ce a gaya wa uwar Rahinatu ta share ido, ta san ta riga ta fara. Ta ce a gaya wa Rahinatu, tun ranar da Memuna ta kira ta tana dariya tana tari, ita ta riga ta yarda, amma ita ba ta amsa tambayar da ba a yi mata ba. Ta ce ta je. Ta ce in yunwa ta kama ta a can, ko ciwo, ko wani ya taka ta, ta aiki 'yar aiken nan da ta aiko mata da saƙo. Ta ce ta tafi da ita, kada ta bar ta a gida."